Bugun Garwar Madara

Kafin sabuwar dokar, aikinmu a ɗakin karɓar kiran gaggawa na gundumarmu bai wuce magana uku ba: ina kake, me ya faru, suna kan hanya. Da ka faɗi ta ukun ka sauke nauyin da ke kanka. In mai kira ya tambaye ka abin da zai yi wa mahaifinsa da ke kwance a ƙasa, sai ka ce masa ya kwantar da hankalinsa, ya buɗe ƙofar gida, ya ɗaure kare. An hana mu faɗin abin da ya wuce haka, domin lauyoyin gunduma sun ce mu ba likitoci ba ne, kuma duk kalmar da ta fito daga bakinmu ana iya kai ta gaban alƙali. A kan wannan kujera na zauna ina ɗaure karnuka ta waya har furfura ta cinye mini kai.

Sai majalisar jiha ta juya maganar. Yanzu in zuciyar mutum ta tsaya, wajibi ne wanda ya ɗauki kiran ya koya wa mai kiran yadda zai danna ƙirjin wanda ya faɗi, ya kuma zauna a kan layi yana yi masa ƙirge har motar asibiti ta iso. Abin da jiya in ka faɗa za a kore ka, yau in ba ka faɗa ba za a kore ka.

Aka kai mu horo a zauren 'yan kwana-kwana, muka durƙusa a kan wani mutum-mutumin roba muna dannawa. Marlys, wadda kujerarta ke kusa da tawa tun zamanin da ake shan taba a ofis, ta ce robar ta fi tsohon mijinta amsa magana, tunda ita ko ba komai tana yin ƙara in an taɓa ta. Mai koyarwar ta jira dariya ta lafa, sannan ta nanata mana abu biyu. Na farko, mu ce wa mai kira ya sa wayarsa a lasifika ya ajiye ta kusa da kan marar lafiya. Na biyu, kada mu yarda ya tsaya. Zai ce ya gaji, zai ce wani abu ya karye, zai ce ai ya riga ya mutu. Amsar duka ɗaya ce: kada ka tsaya.

Ranar da nake ba da labarinta wata Talata ce cikin Oktoba, da hantsi. Marlys tana cin burodi da cuku da hannu ɗaya, tana lallashin wani manomi da shanunsa suka fasa shinge suka hau titi.

"Harlan, ɗauki wannan," ta ce da ni, ta nuna fitilar da ta kama a allo. "Ni ina kiwo."

Na danna. "Tara-ɗaya-ɗaya, ina ne abin ya faru?"

Numfashi na fara ji, irin na wanda ya yi gudu. Sannan muryar mace, da karin harshen mutanen Amish, manoman nan Kiristoci masu gudun kayan zamani, waɗanda Jamusancinsu na gida ke bin duk kalmar da suka furta da namu harshen.

"Gonar Enos Yutzy, hanyar Plum Hollow. Mijina ne. Yana sa wa dawakai linzami a barga, sai ya zauna a ƙasa, sai ya kwanta."

"Yaya sunanki?"

"Saloma."

"Saloma, yana amsawa in kin kira shi?"

"A'a."

"Yana numfashi?"

"Yana wani irin ja, jifa-jifa, kamar kifin da aka fitar daga ruwa."

Na san wannan jan. Ba numfashi ba ne, saura ne. Na ɗaga wa Marlys yatsa, ta ajiye burodin, ta bar mai shanu ta shiga kiran motar asibiti. Motarmu ta arewa 'yan sa-kai ne ke jan ta. Sai Duane, direbanta, ya rufe garejinsa, ya tafi tasha, ya jira abokin aikinsa, sannan su kama hanyar tsakuwa. Marlys ta dubi taswira ta dube ni, ta girgiza kai kaɗan. Da nisa.

Amish ɗin sun cika arewacin gundumarmu. Ba lantarki, ba mota, tarho kuma ba ya shiga gida. Dattawan cocinsu sun yarda a kafa guda ɗaya a 'yar rumfar katako a bakin titi, gidaje uku ko huɗu su yi tarayya a kansa, don kada hirar nesa ta raba mutum da wanda ke zaune kusa da shi. Wannan na san shi kamar yadda na san sunana, don a wurinsu nake sayen ƙwai. Duk da haka bakina ya karanta abin da ke kan allo.

"Saloma, ki sa wayar a lasifika, ki ajiye ta kusa da kansa."



"Wayar a jikin bango take."

"Daga nan zuwa barga akwai nisa?"

"Tsawon gonar masara. A guje na zo."

"Wa ke tare da shi yanzu?"

"Dawakai."

"Babu namiji a kusa? Maƙwabta?"

"Duk sun tafi cika rumbun ciyawa hayin rafi. Can shi ma zai tafi. Sai Mam, uwarsa. Ga ta nan tana tsaron kabewa a teburin bakin titi. Ta haura tamanin, da sanda take tafiya."

Dokar ta ce in zauna a kan layi da mai kira ina yi masa ƙirge. Dokar ta ce a danna ƙirji ba tare da jinkiri ba. Wanda ya rubuta ta bai taɓa tunanin hannu da kunne za su kasance a wuri biyu ba. Ban ji tsoro ba, ban ji komai ba. Na ga dai abin a gabana kamar kayan da aka zube a tebur aka ce in jera.

"Saurara da kyau, sau ɗaya zan faɗa, sannan ki koma. Ki kwantar da shi rigingine a kan daɓe, ba a kan ciyawa ba. Ki durƙusa a gefensa. Ki ɗora tushen tafin hannunki a tsakiyar ƙirjinsa, ki ɗora ɗayan a kai, ki miƙe gwiwar hannu. Ki danna da dukan nauyinki, kamar kina cuɗa ƙullun burodin da ya yi tauri, ki saki, ki sake dannawa."

"Zan ji masa ciwo."

"Za ki ji wani abu ya karye a ƙarƙashin hannunki. Haƙarƙari ne. Kada ki tsaya."

"Da wane sauri?"

A horo an ba mu sunan wata waƙar rediyo da kowa ya sani, aka ce mu ce su bi kiɗanta. Wannan mata ba ta taɓa zama kusa da rediyo ba.

"Da sauri sosai."

"Kamar waƙar coci?"

Na taɓa tsayawa a wajen wata jana'izarsu na ji yadda suke rera waƙa. Kafin su gama baiti ɗaya mutum ya je rijiya ya dawo.

"A'a. Ya fi haka nesa ba kusa ba. Ji nan: ɗaya, biyu, uku, huɗu, ɗaya, biyu…"

"Kafin in kai barga ƙirgen zai zube mini," ta ce. Ba kuka take yi ba, gaskiya take faɗa mini. "Na san kaina. Zan koma saurin da na saba."

A daidai nan na ji wani ƙarfe ya yi ƙara a bayanta, kamar an yi karo da shi, da muryar tsohuwa tana tambayar wani abu da harshensu.

"Ƙarar mene ne wannan?"

"Garwar madara ce. Motar madara ta maido mana da su da safe, babu komai a ciki. Mam ce ta buge ta da sanda."

"In an doke ta da ƙarfi, ana ji a barga?"

Tsohuwar ce ta amsa daga baya, da harshenmu wannan karon. "Ana ji har ƙarshen gona. Da ita na kira su cin abinci shekarar da ƙararrawa ta tsage."

"Saloma, ba Mam wayar. Ke ki ruga. Duk bugu ɗaya da kika ji, danni ɗaya. Muddin kina jin garwa, kada ki tsaya. Tafi."

Na ji takalmanta a kan tsakuwa, suna nisa. Na ji ana jan garwa zuwa ƙofar rumfa, ana nishi. Sannan numfashi ya dawo kunnena, mai kaushi, na tsufa.

"Misis Yutzy?"

"Mu ba mu da misis. Mattie."

"Mattie, ki riƙe wayar da hagu, sanda da dama. Duk lambar da na faɗa ki buga."

"To faɗi mana, me kake jira?"

Na fara. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Bugun farko ya shigo mini kunne kamar an soka ƙusa, har Marlys ta juyo. Da fari tana bin bayana, sannan ta kamo ni, muka daidaita. Akwai wata 'yar fitila a allona mai kyaftawa da saurin da ake so. Fitilar ta kyafta, bakina ya faɗa, sanda ta sauka, ƙarar ta ratsa gonar masara zuwa wata barga da ban taɓa gani ba. Abin da ke faruwa a ƙarshen wannan igiya ban sani ba. Ko Saloma ta isa, ko ta iya juya shi, ko hannunta yana inda ya kamata, babu mai gaya mini.

Na ci gaba da ƙirge. Idona ya sauka a kan kofin kofina, na ga wani tsagi a bakinsa da ban taɓa lura da shi ba. Na ga zare ya warware a hannun rigar sanyin Marlys. A rediyo Duane ya ce sun bar tasha. Ɗaya, biyu, uku, huɗu.

"Kai ɗan gidan wa ne?" Mattie ta tambaya, ba ta fasa bugu ba.

"Tiedemann. Uku, huɗu. Harlan Tiedemann."

"Tiedemann mai injin niƙa?"

"Jikansa. Ɗaya, biyu."

"Kakanka babban yatsansa ba ya sauka daga kan sikeli, don awo ya ƙara nauyi."

"Haka kowa ke faɗa. Uku, huɗu. Kina ragewa, Mattie."

"Ba ragewa nake ba, kai ne kake gudu kamar an biyo ka."

Amma ta ƙara sauri. Muka yi ta tafiya haka, ban san iya tsawon lokacin ba, ko da yake agogo yana gabana. Wata mota ta wuce ta gabanta ba ta tsaya ba; mai motar ya ga tsohuwa da farar hula tana dukan garwa, wataƙila ya ɗauka wata al'adarsu ce. Ta sauya hannu, wayar ta faɗi ta bugi katako, ta ɗauko ta. Bugun hagun ba shi da ƙarfi, yana tsallake ɗaya cikin huɗu. Maƙogwarona ya bushe. Marlys ta turo mini ruwa, ban sami tsakanin da zan sha ba.

Sai garwar ta yi shiru.

Na ƙirga huɗu a banza, na sake ƙirga huɗu.

"Mattie?"

"Ya isa haka."

"Mattie, motar tana hanya. Ki ci gaba."

"Ubansa ma haka ya tafi, a cikin masara." Numfashinta yana fita da ƙyar, amma muryar ba ta rawa. "Muka zauna kusa da shi, na riƙe hannunsa, aka yi addu'a. Babu wanda ya hau masa ƙirji. Yau ɗana yana can yana tafiya, ni da na haife shi ina bakin titi ina dukan garwa kamar wadda ta zare. Ka gaya mini gaskiya, jikan Tiedemann. Zai tashi?"

Na san lissafin, an nuna mana shi a horo. A irin wannan nisa, mafi yawansu ba sa tashi. A kan allo kuma ga abin da aka rubuta in faɗa: kuna yin daidai, kuna taimakonsa, kada ku tsaya.

"Ban sani ba," na ce. "Kada ki tsaya."

"Wa ya ce? Kai, ko abin da kake karantawa?"

"Ni na ce."

Na faɗa ne kawai. Har yau ban iya rarrabe muryata da ta allon a wannan wuri ba.

Ba ta buga ba. A cikin shirun na ji iska, na ji hankaka. Sannan daga can nesa, siririya kamar zare, muryar Saloma ta iso cikin wayar.

"Mam! Maaam!"

"Kirana take," in ji Mattie. Na ji sandar ta taɓa ƙasa, irin taɓawar mai shirin tafiya.

"Bugun take nema," na ce. "Ta daina jin garwa, hannunta ya rikice. Ki ba ta bugun. Ɗaya, biyu, uku, huɗu."

Ta faɗi wata kalma da harshensu, ban san ko addu'a ce ko zagi ba. Sandar ta sauka a kan garwa. Daga nan ba ta sake yi mini magana ba, ni ma ban faɗi komai ba sai lambobi. Saloma ta ƙara kira sau ɗaya, ta bari.

Jiniyar motar ta cikin waya na fara jin ta, kafin Duane ya sanar a rediyo. Ta taso, ta cika kunnena, ta karya ta shiga hanyar gona. Ban daina ƙirge ba, don doka ta ce sai sun sa hannu a kan marar lafiya. Da Duane ya ce suna tare da shi, na ce, "Mattie, ki huta. Sun karɓa."

Ta saki wayar tana lilo a jikin igiyarta, tana gogar bango. Na ji sandarta a kan tsakuwa, a hankali, tana nisa. Na zauna ina sauraron rumfar da babu kowa a ciki.

Can Duane ya dawo a rediyo, muryarsa sama-sama. Sun sa masa na'urar girgiza zuciya, ta amsa. Akwai bugu a wuyansa. Suna neman jirgin asibiti mai saukar ungulu ya tare su a filin makaranta.

Marlys ta kai mini duka a kafaɗa. "Kai, tsoho! Ashe makaɗi ne kai ba mu sani ba!" Idonta ya kawo ruwa. Na duba cikina in ga ko akwai wani abu da zai amsa mata, ban tarar da komai ba sai ciwon muƙamuƙi. Fitila ta sake kamawa a allo. Wata mata ce ta kulle kanta a waje, tukunya tana kan wuta.

Bayan 'yan makonni shugabar ɗakinmu ta tara mu a ɗakin shan kofi. An sayo kek, an zana zuciya a kai da jan sukari. Ta ce wannan ne rai na farko da aka ceto a gundumarmu a ƙarƙashin sabuwar doka, kuma za a riƙa kunna faifan kiran ga sababbin ma'aikata. Ta maƙala mini wani ɗan bajo a ƙirji, aka tafa. Marlys ta ce saura a saya mini garwa ta kaina in riƙa zuwa biki.

Duane ya zo, amma bai ci kek ba. Na bi shi wurin ajiye motoci.

"Enos ya koma gida," ya ce, yana neman makullinsa.

"Lafiya lau?"

"Da ƙafarsa ya shiga."

"Duane."

Ya daina neman makullin. "Matar ta yi aiki, Harlan. Ban taɓa ganin wanda ba a koya wa ba ya danna haka. Zuciyar ta riƙe. Amma kai ma ka san tsakanin faɗuwarsa da komawarta akwai tsawon gona sau biyu, ga tsayuwa a waya. Ƙwaƙwalwa ba ta jiran kowa."

Ya shiga motarsa. Na cire bajon na sa a aljihu, don allurarsa tana sukata ta cikin riga.

Ranar hutuna, ƙarshen Nuwamba, na kama hanyar arewa bayan azahar. An girbe masara, gonaki sun zama kara da laka, dusar ƙanƙara ta fara kwanciya a gindin shinge. Ban shirya abin da zan faɗa ba. Na ce wa kaina ƙwai zan saya.

Rumfar wayar ta fi yadda na zata ƙanƙanta, ba ta fi makewayi ba. Garwa uku suna jere a gefenta, ɗaya kafaɗarta ta lotsa, fentin ya kankare. A teburin bakin titi babu sauran kabewa sai ƙwai da kwalaben zuma. Wata mata mai baƙin mayafi tana jera su, mai faɗin kafaɗa, hannuwanta ja saboda sanyi. Daga inda na tsaya ana hango barga. A bakin ƙofarta wani mutum mai dogon gemu yana zaune a benci, an lulluɓe masa ƙafa da bargo, wata 'yar tsohuwa tana gefensa.

"Sannu da aiki. Ƙwai nake so, kwali ɗaya."

Hannunta ya tsaya a kan kwalin. Ba ta ɗago ba.

"Sake faɗa."

"Kwali ɗaya."

"Kai ne mai ƙirgen."

"Ni ne."

Ta ɗago ta dube ni, ba fushi, ba murna, kamar yadda ake duban sama a ga ko za a yi ruwa.

"Na ɗauka yaro ne," ta ce. "Ashe ka kusa kai Enos a shekaru."

"Yaya jikinsa?"

"Yana ci. Yana barci. Haƙarƙarin sun haɗe." Ta juya ta dubi barga. "Dawakai ya sani, kowanne da sunansa. In an kai shi wurinsu sai ya yi ta shafa su. Mu kuma yana yi mana ladabi, kamar baƙin da suka zo coci. Jiya ya tambaye ni ko mijina yana nan kusa."

Na bi idonta zuwa barga.

"Maza suna zuwa su tatse mana shanu bi da bi. Ba mu rasa komai ba." Ta buɗe kwalin tana duba ƙwan ɗaya bayan ɗaya, ko akwai fasasshe. "Mam hannunta na dama bai ƙara ɗaguwa sama da kafaɗa ba. Ta ce in ka taɓa zuwa in gaya maka kai ma yatsanka yana da nauyi."

"Ta yi gaskiya."

"Akwai lokacin da garwa ta yi shiru," in ji ta. "Ka tuna?"

"Na tuna. Kin yi kira."

"Na yi kira. A lokacin jan nan da yake yi ya daina. Fuskarsa ta kwanta, ta yi kyau, kamar ranar aurenmu. Na ɗauke hannuna, na gyara masa gemu. Na ce bari Mam ta zo ta riƙe hannunsa tun da sauran ɗumi." Ta rufe kwalin. "Sai na ji garwa ta dawo. Ka ce muddin ina ji kada in tsaya. Sai na mai da hannuna."

Iska ta kaɗa igiyar hularta. Na ji ya kamata wani abu ya motsa a cikina, na tsaya ina jira, kamar mai jiran ruwa ya sauko a famfon da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Ni na ce mata bugun kike nema," na ce.

"Ta gaya mini."

"Da kin so…"

"Ban sani ba," ta katse ni, a hankali. "Da safe in na ga yana shan kofi da hannunsa, sai in ce gara haka. Da yamma in ce wani abu dabam. Bishop ɗin cocinmu ya ce da Allah bai so ba, da garwa ba ta tashe shi ba. Mam ba ta ce komai ba." Ta miƙo mini kwalin. "Ka riƙe shi ta ƙasa, gindin ya jiƙe."

Na karɓa, na sa kuɗin a gwangwanin da ke kan tebur. Daga bakin barga mutumin ya hango mu. Ya ɗaga hannu ya gaishe ni, gaisuwar manomi ga motar da ke wucewa, sannan ya ɗaga wa matarsa, iri ɗaya. Ta ɗaga masa nata.

Washegari na koma aiki. Marlys ta tambaye ni inda na samo ƙwai masu kyau haka, na ce arewa. Kafin azahar fitila ta kama. Wani mutum ne a cikin gari, matarsa ta faɗi a kicin, wayarsa tana hannunsa. Na ce ya sa ta a lasifika ya ajiye kusa da kanta. Na gaya masa inda zai ɗora hannu, na gaya masa zai ji wani abu ya karye. Fitilar allo ta fara kyaftawa, na buɗe baki na fara ƙirge.